Kawu, Ina Za a Saka Faifan?

Ranar Asabar da ta wuce, bayan la'asar, ɗan yayata ya shigo gidana a nan Garwa, arewacin Kamaru, rungume da kwali, fuskarsa babu walwala. Wansa da ke karatu a Faransa ne ya aiko masa da na'urar wasan bidiyo PlayStation 5, ta hannu amma garau take. Ya ajiye ta a kan tabarma, ya juya ta gaba da baya, ya dube ni ya ce, "Kawu, ina za a saka faifan?"

Babu inda za a saka. Irin wadda ba ta da baki ce, cikin waɗanda suka fara fitowa a 2020, kuma wannan samfurin ko da kuɗinka ba a iya ƙara masa bakin daga baya. Yaron nan ya shekara uku yana tara faifan PlayStation 4 na hannu, guda goma sha ɗaya, daga kuɗin da yake samu a shagon gyaran waya lokacin hutu. Ya ji cewa sabuwar na'urar tana karanta tsofaffin faifai, kuma gaskiya aka faɗa masa, sai dai mai baki ce take karantawa.

Muka ɗauke ta zuwa wurin wani mai gyara kusa da babbar kasuwa, ko akwai dabara. Babu. A nan ne wani matashi da ke jiran a gyara masa abin riƙewa ya sa baki. Ya ce, "Baba, ai laifin masu sayen gwanjo ne. Faifai ɗaya mutum goma su yi wasa da shi, kamfani bai samu ko dala ba. Dole su toshe bakin, in ba haka ba masu yin wasanni su guje wa na'urar." Da ladabinsa ya faɗa, kuma na ga ya yarda da abin da yake faɗa. Maganar ta tsaya mini a rai har na kwana da ita.

Matsayina shi ne wannan. Cinikin faifai na hannu halal ne, ba shi ke kashe kamfanonin wasa ba, kuma ba a taɓa ganin sun guje wa wata na'ura don ana sake sayar da faifanta ba. Inda jama'a suka taru nan suke zuwa, kuma kasuwar hannu tana cikin abubuwan da ke tara jama'ar. A wurinmu kuwa, mu da ke Garwa da Marwa da Kuseri da Injamena, faifan hannu shi ne kusan hanya ɗaya tilo da yaro zai yi wasan asali ba tare da ƙarya ko sata ba.

Inda matashin ya yi gaskiya

Ba zan ce bai faɗi komai ba. Yadda kuɗin ke tafiya a sana'ar nan a fili yake. Mai ƙera na'ura, Sony ko Microsoft, ba a jikin na'urar yake cin riba ba, sau da yawa ma a kan asara yake sayar da ita a farkon fitowarta. Ribarsa tana cikin kason da yake karɓa a kan kowane sabon wasa da aka sayar. Kamfanin da ya fitar da wasan, irin su EA da Ubisoft da Konami, shi ma a ciniki na farko yake samun nasa. Da faifan ya bar hannun mai saye na farko zuwa na biyu, kuɗin tsakanin mutum biyu ne da mai shago.

A Amurka akwai GameStop, jerin shaguna dubbai da suka yi shekaru suna rayuwa a kan wannan. Su sayi faifai a hannunka da araha, su ajiye shi kusa da sabo da ɗan rangwame, kuma ribar da suke ci a kan na hannu ta fi ta sabo nesa ba kusa ba. Wanda ya kashe miliyoyin daloli da shekaru yana haɗa wasa, ya ga haka a makon farko na fitowarsa, dole ransa ya sosu. Na fahimci wannan.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne tsallen da ake yi daga "ransu ya sosu" zuwa "za su gudu". An gwada, ba sau ɗaya ba.

An gwada, an gani

A Japan, ƙasar da ta haifi PlayStation da Nintendo, manyan kamfanonin wasa sun kai masu shagunan faifan hannu kotu a ƙarshen shekarun 1990. Hujjarsu ita ce wasan bidiyo kamar fim yake, don haka su ke da ikon cewa wa zai rarraba shi. A watan Afrilun 2002 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke cewa da zarar an sayar da faifai sau ɗaya ta halal, ikon kamfani a kan wannan faifan ya ƙare. Kamfanonin Japan ba su rufe ba. Lokacin ma PlayStation 2 take tashe, na'urar da ta zarce miliyan 160, wadda har yau babu gidan gem a unguwanninmu da bai san ta ba.

A 2009 Sony ta fitar da PSP Go, ƙaramar na'urar hannu marar wurin faifai, komai sai an sauke daga intanet. Jama'a suka ƙi ta, cikin shekara biyu aka daina yin ta a mafi yawan kasuwanni.

A 2010 EA ta zo da wata dabara. Kowane sabon faifai yana zuwa da lambar da ake amfani da ita sau ɗaya don buɗe wasa da wasu ta intanet. Wanda ya sayi na hannu sai ya biya dala 10 kafin a buɗe masa. Ubisoft da wasu suka kwaikwaya. A 2013 EA da kanta ta janye tsarin, ta ce masu wasa ba su karɓe shi ba, sauran ma suka bi sahu.

Babbar karawar kuwa ita ce ta watan Yunin 2013. Microsoft ta sanar cewa sabuwar na'urarta, Xbox One, sai ta leƙa intanet sau ɗaya a kowane awa 24, in ba haka ba wasanni su daina buɗewa. Kamfanin da ya fitar da wasa shi zai zaɓa ko a bari a sake sayar da faifansa ko a hana. In za ka ba abokinka faifai kyauta, sai ya kwana 30 a jerin abokanka, kuma sau ɗaya kawai ake bayarwa. Duk abin da masu fitar da wasanni suka daɗe suna kuka a kai, ga shi an miƙa musu a faranti.

Sony ta hau dandali a E3, babban taron baje kolin wasannin bidiyo a Amurka, shugaban reshenta na can Jack Tretton ya ce PlayStation 4 ba za ta sa wa faifan hannu wani sharaɗi ba, zauren ya kaure da tafi. Suka saki ɗan gajeren bidiyo inda Shuhei Yoshida, ɗaya daga cikin manyan Sony, ya miƙa wa abokin aikinsa faifai hannu da hannu, wai ga yadda ake aron wasa. Kwana tara bayan haka Microsoft ta janye dokokin gaba ɗaya.

In da maganar matashin nan gaskiya ce, da EA da Activision da Ubisoft sun juya wa PlayStation 4 baya, ko aƙalla sun ja ƙafa. Ba wanda ya yi. Duk sun kai wasanninsu can. A 2015 ma Activision ta ɗauke yarjejeniyar tallan wasanta Call of Duty daga Xbox ta kai wa PlayStation. Dalili ɗaya ne: PlayStation 4 ta fi shiga gidaje, har ta wuce miliyan 117. Ba na cewa batun faifan hannu kaɗai ne ya jawo haka, domin ta fi araha da dala 100, 399 a kan 499. Amma na'urar da ta bar ƙofar gwanjo a buɗe ita ce masu kukan gwanjon suka fi rububi.

A duba kuma na'urorin da aka guje wa da gaske. EA ba ta taɓa kai wasa ko ɗaya kan Dreamcast ta Sega ba, a 2001 aka daina yin ta. Wii U ta Nintendo ta fito a ƙarshen 2012, kafin ta shekara EA ta ce ba ta da wani wasa da take haɗa mata, kuma duk rayuwarta ba ta kai miliyan 14 ba. Faifan Wii U ana sake sayar da shi daidai da yadda ake sayar da na PlayStation, babu bambanci. Bambancin yana wurin yawan masu na'urar. PlayStation 2 kuwa, wadda faifanta ya cika kowace kasuwar gwanjo a duniya, kwafinsa ma ya yi yawa, ta samu FIFA 14, wasan ƙwallo na EA, a 2013, shekara 13 bayan fitowarta. Ɗan kasuwa inda ake ciniki yake shimfiɗa tabarmarsa.

"Amma wanda ya yi wahalar bai samu komai ba"

Wannan ita ce hujjar da ta fi taɓa zuciya. Na fara da tambaya mai sauƙi. Babur ɗin da ke yawo da fasinja a titunan Garwa, hannu nawa ya bi? Kamfanin da ya ƙera shi yana karɓar kaso duk lokacin da ya sauya ubangida? Rigar gwanjo fa, da littafin makaranta da wa ke bar wa ƙane? Ba mu taɓa kiran wannan zalunci ba. An biya mai abu kuɗinsa cif a ranar farko, abin ya zama na mai saye.

Sai kuma a bi sawun faifan da ke hannun ɗan yayata. Wani yaro ne a Turai ya saye shi sabo. Da shekara ta zagayo, sabon wasan ƙwallo ya fito, ya kai tsohon shago aka ba shi wani abu, ya cika ya sayi sabon. Ba don ya san zai iya sayar da shi ba, da wataƙila bai yarda ya biya Yuro 70 ko 80 tun farko ba. Tsohon faifan ya shiga kwantena da firji da talabijin na hannu, ya sauka Duwala, ya hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, mota ta ƙaraso da shi nan. Wasu ta Najeriya suke shigowa, ta wajen Yola da Mubi. Sefa dubu takwas ɗin da yaron Garwa ya biya, ta doguwar hanya, tana cikin abin da ya sa yaron Turai ya iya sayen sabo. GameStop ta sha faɗin cewa mafi yawan kuɗin da take ba masu kawo tsofaffi a shagon suke mayar da shi kan sababbin kaya. Ta faɗa ne don kare sana'arta, amma duk wanda ya taɓa sayar da tsohuwar waya don ya cika ya sayi sabuwa ya san haka abin yake.

Kuma a bar zancen cewa mun hana kamfani ciniki. Yuro ɗaya sefa 656 ne, kuɗin a ɗaure yake. Sabon wasa na Yuro 80 ya haura sefa dubu 52, kafin kuɗin hanya da kwastan. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa kamfanoni masu zaman kansu a Kamaru a 2023, ban da aikin gona, sefa dubu 60 ne, kuma mutum nawa ne a unguwarku suke samun ko da hakan a wata? Yaron nan ba zai taɓa sayen sabo ba. Babu cinikin da aka ƙwace wa kowa.

Abin da kamfani ya samu daga gare shi shi ne mutum. Yaro ya tashi hannunsa ya saba da maɓallan PlayStation, ya san wasan EA ciki da waje. Wansa da ke Faransa haka ya tashi a gidan gem na unguwarmu, sefa ɗari wasa ɗaya, yau kuma yana sayen sabo da kuɗinsa yana biyan kuɗin wata. Wa ya yi wa Sony wannan renon? Masu gwanjo ne.

Balle yanzu kuɗin ba a jikin faifai kaɗai yake ba. Tun daga PlayStation 4, wasa da wasu ta intanet sai da biyan PlayStation Plus a mafi yawan wasanni. EA ta bayyana cewa ɓangaren Ultimate Team, inda ake sayen 'yan wasa a cikin wasan, ya kawo mata dala biliyan 1.62 a shekarar kuɗinta ta 2021. Wanda ya shigo da faifan hannu ma yana iya kashe kuɗi a can kamar kowa.

"Babur yana tsufa, wasa ba ya tsufa"

Wani abokina malamin lissafi ne ya kawo wannan. Ya ce babur na hannu ya ci hanya, don haka sabo yana da fifiko, amma wasan da ke cikin faifan hannu daidai yake da na sabo. Akwai ƙamshin gaskiya, musamman a wasannin labari da mutum ke gamawa cikin mako guda ya mayar.

Sai dai wasan da muka fi yi a nan shi ne ƙwallo, kuma babu abin da ya kai shi saurin tsufa. Ka saka faifan shekara huɗu baya ka ga Vincent Aboubakar, ɗan garin nan da ya taso a Coton Sport, sanye da rigar ƙungiyar da ya bari tuntuni. Yara suna lura, kuma duk wanda ya samu hali sabon yake so. Ga ƙurar hunturu da zafin watan Afrilu, waɗanda ba sa barin faifai lafiya. Kamfanonin da kansu suna rufe ɓangaren intanet na tsofaffin wasanni bayan 'yan shekaru. Tsufan da abokina yake cewa babu, su ne ma suke gaggauta shi.

"Ku ai kwafi kuke yi"

Nan ba zan ɓoye ba. Ka shiga gidajen gem da yawa a garuruwanmu, za ka tarar da na'urar da aka fasa, an loda mata wasanni talatin a ciki, babu faifai ko ɗaya. Wannan satar fasaha ce, ba na kare ta, kuma ina jin haushin yadda muka mayar da ita ba komai ba. Akwai 'yan ƙasarmu da ke wannan sana'a ta haɗa wasa: Kiro'o Games a Yawunde, ƙarƙashin Olivier Madiba, sun fitar da wasan Aurion a kwamfuta a 2016 bayan shekaru suna faɗi tashi. In muka saba da ɗaukar aikin mutane kyauta, su za mu fara cuta.

Amma daidai wannan ne ya sa nake kare faifan hannu. Kwafi da gwanjo ba abu ɗaya ba ne. Faifai ɗaya, an biya kuɗinsa, in yana hannuna ba ya hannunka. Kwafi kuwa ɗaya ya zama dubu. Ɗan yayata ya zaɓi hanya mai tsada da wahala, ya ƙi a fasa masa na'ura, yana tara kuɗi yana sayen na asali ɗaya bayan ɗaya. Shi ne aka hukunta ranar Asabar. Maƙwabcinsa mai fasasshiyar na'ura ko a jikinsa.

Me aka bar wa yaron yanzu? Shagon intanet na PlayStation. To, Kamaru ba ta cikin jerin ƙasashen da ake iya zaɓa in za a buɗe asusu, Chadi ma haka. Abin da kowa ke yi shi ne ya ce a Faransa yake zaune, ya ƙirƙiro adireshi, sannan ya nemi mai sayar da katin cika asusu na Yuro, wanda shi ma zai ɗora ribarsa. Wato kafin ka ba kamfani kuɗinka sai ka fara yi masa ƙarya. Duniya ta ga girman wannan ramin a watan Mayun 2024, lokacin da Sony ta ce masu yin wasan Helldivers 2 a kwamfuta sai sun haɗa da asusun PlayStation, aka cire wasan daga kasuwa a ƙasashe da yankuna sama da 170 inda asusun ba ya samuwa. An janye sharaɗin bayan hayaniya, amma mu mun ga inda aka ajiye mu.

Wanda ya ƙi buɗe shago a garinku, ba shi da bakin cewa kun ƙi saye a wurinsa.

"Zamani ya wuce faifai"

Masu wannan magana suna nuna kwamfuta. A can, tun da Steam, babban shagon wasanni na intanet, ya kafu, cinikin wasa na hannu ya mutu, kamfanoni suna murna, kuma ana yin rangwame mai yawa. Haka ne. Amma a kwamfuta shaguna da yawa ne ke gasa, in wannan ya tsauwala ka koma wancan. PlayStation ɗin da ba ta da baki kuwa shago ɗaya gare ta, na wanda ya ƙera ta. Tun 2019 Sony ta daina bai wa shagunan waje lambobin sauke cikakken wasa su sayar. Faifan da ke kan teburin ɗan kasuwa shi kaɗai ne ke gasa da farashin wannan shagon. In ya kau, mai shago ɗaya ne zai faɗi kuɗi, kai kuma ka biya ko ka haƙura.

Sannan a zo ga hanyar saukewar. Manyan wasannin yanzu gigabait hamsin ne, wasu sun haura ɗari. A lissafa kuɗin data. A lissafa kwanakin da za a yi, da wutar da ke ɗaukewa a tsakiyar aiki, musamman a bazara in ruwan madatsar Lagdo ya ja baya. Na san faifai ma yanzu yakan nemi ƙarin saukewa, amma mafi yawansu za ka saka ka yi wasa ko babu intanet.

Intanet ɗin ma ba kullum yake hannunmu ba. A 2017 an yanke shi kwana 93 a yankuna biyu masu magana da Ingilishi a ƙasar nan. A Chadi an toshe kafofin sada zumunta wata 16, daga Maris 2018 zuwa Yulin 2019. Da dokar awa 24 ta Xbox One ta tsaya, mai na'ura a Bamenda, cikin yankunan da aka yanke wa, da ya yi wata uku yana kallon akwati. Waɗanda suka tsara dokar ba su yi tunanin akwai mu ba.

Abin da ka saya ta intanet kuma ba naka ba ne yadda kake zato. Izini aka ba ka. A Faransa ƙungiyar masu saye ta UFC-Que Choisir ta kai Valve, mai Steam, kotu don a bar mutane su sake sayar da wasannin da suka sauke. Ta ci a 2019, aka soke a ɗaukaka ƙara a 2022, babbar kotu ta tabbatar da sokewar a 2024. A 2024 ɗin dai Ubisoft ta kashe wasan tseren mota The Crew, wanda ba ya aiki sai da intanet, har masu faifansa suka rasa shi. Konami kuwa, wadda wasan ƙwallonta PES ya reni yaran unguwanninmu, ta mayar da shi eFootball a 2021, babu faifai sam. Masu gidajen gem sun san abin da wannan ya yi musu, shi ya sa har yau za ka ga ana buga tsohon PES an yi masa kwaskwarimar sunayen 'yan wasa.

Abin da ke ba ni tsoro

Yaƙin da aka sha kaye a fili a 2013, yanzu a hankali ake cin sa. A 2020 PlayStation 5 ta zo iri biyu, mai baki dala 499, marar baki 399. Xbox Series S ta zo a 299, babu baki. A 2024 PlayStation 5 Pro ta fito a kusan dala 700, bakin kuma daban ake saye, kuma sai an haɗa shi da intanet a karon farko kafin ya yi aiki. Switch 2 ta Nintendo da ta fito a 2025 ta zo da wasu katunan da babu wasan a cikinsu, mabuɗi ne kawai na saukewa, ko da yake su ana iya sake sayar da su. Ba a hana kowa komai ba. An dai sa marar baki ta fi araha, kuma ɗalibin da ke ƙirga Yuro a Faransa, yana son faranta wa ƙanensa, wacce zai ɗauka?

A nan ne kasuwar hannu ke juya tunanin kamfanoni da gaske. Ba sa guje wa na'ura saboda ita, amma suna matsa wa a ƙera na'urar da babu ita, domin a shagon intanet babu kuɗin buga faifai, babu kason ɗan kasuwa, babu mai sake sayarwa. Lissafinsu na shekara mai zuwa daidai ne. Ina ganin na shekara goma ne suka kuskure. Na'urar da muke samu a nan ita ce wadda Turai ta gama da ita. PlayStation 2 ta iso mana da tarin faifai, ta 3 da ta 4 ma haka. In marasa baki suka cika kwantena nan da 'yan shekaru, za su iso ne wayam, wasannin suna can a asusun mai ita na farko. Mai gidan gem zai kai ta a fasa in ana iya fasawa, in ba a iya ba ya rufe. Yara kuma su koma waya, inda da yawansu suka riga suka koma. Nahiyar da kason matasa a cikin jama'arta ya fi na kowace ce ake saki haka.

Sun san da wannan kasuwa. A farkon 2024 asusun zuba jari na Sony ya sa kuɗi a Carry1st, kamfanin wasanni na Afirka da ke zaune a Afirka ta Kudu. In da gaske ake, hanyar a bayyane take: a sa ƙasashenmu a jerin, a karɓi kuɗi ta waya yadda muke biyan komai yanzu da Orange Money da MoMo, a sa farashin da ya dace da aljihunmu. Ranar da aka yi haka, ni ne zan fara gaya wa yaran gidanmu su saya a can. Kafin nan, a bar mana bakin faifai.

Namu kuma da ke waje, in za ku aiko da na'ura, ku duba gefenta ku ga tsagar. Ƙarin kuɗin da kuke gudu shi za ku biya ninki a wasa biyu na farko. 'Yan kasuwarmu masu shigo da kayan hannu, ku ji tsoron Allah ku gaya wa mai saye wace iri ce kafin ya ƙirga kuɗi, domin iyaye da yawa ba su san akwai iri biyu ba.

Ɗan yayata ya yi kwana huɗu yana tunani. A ƙarshe ya kira wansa ya nemi izini, muka koma kasuwa. Wani ma'aikaci da ke da intanet na waya a gidansa ya karɓi marar bakin, yaron ya cika sefa dubu arba'in daga ajiyarsa, ni ma na ɗan taimaka, ya ɗauki mai baki ta hannu wadda gefenta ya ɗan ƙuje. Daren nan ya saka faifan farko cikin goma sha ɗayan, shi da abokansa biyu, suka buga har aka ɗauke wuta wajen ƙarfe goma.